Sunan Wa Za a Sa a Lasisin Shagon Baba?

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara kafin bakina ya ja mini abin da zan daɗe ina da-na-sani. Ba wai ban san abin da nake so ba ne. Na sani sarai, kuma na san ina da gaskiya. Abin da ya gagare ni shi ne yadda zan karɓi gaskiyar tawa ba tare da na karya zuciyar mahaifina ba. Ga lokaci yana ƙurewa, ga kowa a gidanmu yana kallona kamar ni ce matsalar.

Ni matar aure ce, da 'ya'yana, sana'ata kuma gyaran sikeli. Yi dariyarki, na saba. Duk wanda na faɗa wa sai ya sake tambaya ko kunnensa ne bai ji daidai ba. Sikelin mahauta, na masu hatsi, na masu gwal, har wanda ake ɗora jarirai a asibiti, duk ta hannuna suke bi. Shagon na Baba ne, tun kafin a haife ni yake nan a bakin kasuwa, ɗan siriri, da teburin ƙarfe ɗaya da akwatin duwatsun awo wanda ba a yarda kowa ya taɓa da hannu mai maiƙo ba. A aikinmu, idan ka gyara sikeli sai ka gwada shi da waɗannan duwatsu. In ya zauna daidai, ka zura 'yar waya ka matse ta da dalma, da wata filaya mai alamar shagon. Wannan shi ne hatimi. Sikelin da ba shi da hatimi, ranar da masu duba awo suka shigo kasuwa ɗauke shi za su yi. Kuma ba mai ikon buga hatimi sai shagon da ke da lasisi. Kin ga ke nan lasisin nan shi ne shagon, in babu shi sai dai mu rufe ƙofa mu koma gida.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da Yayana. Yaya ya yi karatu mai zurfi, yana aiki a wani kamfani, kuma mutumin kirki ne, ba zan yi masa sharri ba. Sai dai tun yana yaro warin man inji ciwon kai yake sa shi. Ni ce nake biyowa ta shago in an tashi daga makaranta, da sunan shara, har hannuna ya faɗa. Da sikelin lantarki suka cika kasuwa, Baba ya ce waɗannan ba sikeli ba ne, agogo ne ya yi ƙiba, shi ba zai taɓa su ba. Ni na je na yi kwas, na zauna jarrabawar hukumar awo na ci, kuma Yaya ne ya ɗauki nauyin kwas ɗin, Allah ya saka masa. Yanzu kusan duk aikin da ke shigowa ni nake yi, na lantarkin da na dā ɗin, domin idon Baba ya yi rauni, hannunsa kuma yana ɗan rawa.

Duk da haka, Anti, ban taɓa buga hatimi da hannuna ba. Haka muke aiki: in na gama gyara na gwada, sai in ɗauki sikelin in kai gaban kujerar Baba a bakin ƙofa, in riƙe masa wayar, shi ya matse filayar. Ya ɗaga kai ya ce wa mai kaya, "Je ka, ya zauna." Masu kaya sun san wanda ya yi aikin, ni ma na sani, shi ma ya sani. Bai taɓa damuna ba. Wallahi daɗi ma nake ji in na ga yadda yake gyara zama kafin ya matsa.

Sabunta lasisi kuwa aikinsa ne shi kaɗai duk shekara. Ranar zai sa tufafinsa mafi kyau, ya fesa turare har Umma ta yi ta atishawa, ya tafi ofishin hukumar awo ya gaisa da kowa tun daga mai gadi. Bana ya fita haka, amma bai daɗe ba sai ga shi ya dawo fuska a murtuke, ko sallama bai yi ba. Ashe an fito da sabuwar doka: duk mai lasisi, da duk mai neman sabo, sai ya kawo lambar shaidarsa ta haraji, in babu ita ba a ko karɓar takardunsa. Yarinyar da ke zaune a tagar ofishin ta tambaye shi lamba, ya zaro mata rasidan kuɗin rumfa da yake biya wa hukumar kasuwa, ta ce ba su ba ne, ya je ofishin haraji ya yi rajista ya dawo. Ba ta zage shi ba, shi da kansa ya ce da ladabi ta yi magana. Amma Baba ya ɗauke ta a cin fuska. Ya ce shekara da shekaru gwamnati ta amince da hatiminsa a kan sikelin mutane, yau shi ne za a tsayar a taga ana tambayarsa lamba kamar wanda aka kama da kayan sata.

Sai maƙwabcinmu tela ya ƙara wa wutar fetur. Shi telan nan ba abin da bai sani ba a duniya, daga siyasa har maganin ciwon baya. Ya ce wa Baba ai tarko ne, da zarar ka ba da lamba za su koma baya su yi maka lissafi tun daga ranar da ka buɗe shago, har teburin sai an sayar. Na ce wa Baba ni fa ina da lambar nan tun lokacin da na yi jarrabawa, da safe na je kafin azahar na dawo, har yau ba wanda ya biyo ni da sanda. Ya ce ni yarinya ce, ban san gwamnati ba. Ya kafe ƙememe cewa ƙafarsa ba za ta taka ofishin haraji ba.

To, a nan ne sai kin san gidanmu kafin ki gane abin da ya biyo baya. Mu a gidanmu ba abin da yake na mutum ɗaya. Motar Yaya ta kowa ce. Asusun bankinsa nan ake turo wa Umma saƙo, nan ake turo wa Baba. Tukunyata babba ta fi daɗewa a gidan Yaya fiye da gidana. Kai, ko gilashin karatu ɗaya ne Baba da Umma suke karɓa-karɓa, in ɗaya yana karatu ɗaya ya jira. Haka muka tashi, kuma ina alfahari da hakan. Saboda haka da Yaya ya ji labari sai ya yi dariya ya ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne, shi yana da lamba tun da aka ɗauke shi aiki, a sa tasa kawai a wuce wurin. Ya je ofishin hukumar awo da kansa, aka ce masa lambar dole ta zama ta wanda sunansa ke kan lasisi. Ya dawo ya ce to shi ke nan ma, a mayar da lasisin da sunansa a matsayin mai shago, ni kuma a rubuta ni a ƙasa a matsayin ma'aikaciyar da ke da takardar ƙwarewa, tunda doka ta yarda da haka.

A falon Umma ya faɗi wannan magana, ina tsaye ina zuba musu shayi. Fuskar Baba ta washe nan take, ya ce madalla, shago ya zauna a gida ke nan. Umma ta yi hamdala. Ba wanda ya ko kalli inda nake. Na ajiye butar na ce, "Ni fa?" Baba ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, "Ke ai kina gidan wani."

Anti, maganar nan ta soke ni har yanzu ban warke ba. Ni da nake buɗe shagon nan kullum, ni da na yi aiki da tsohon ciki har ana gobe zan haihu, ni ce ta gidan wani? Zuciya ta ɗebe ni na ce ai ta gidan wanin ce take riƙe da shagon, in na cire hannuna mako ɗaya sai a ga abin da zai rage. Baba ya tashi ya shige ɗaki. Tun daga ranar yake saka filayar hatimi a aljihu ya tafi da ita gida duk yamma, abin da bai taɓa yi ba. Gaisuwa yana amsawa, amma a taƙaice. Ta bakin Umma kuma ya aiko mini cewa ranar da aka rataya takarda a bangon shagon nan da sunan da ba nasa ba kuma ba na ɗansa ba, ya bar shiga wurin har abada.

Ga inda muke yanzu. Lasisin Baba zai ƙare a ƙarshen wata mai zuwa. Ba za a iya mayar da shi da sunan Yaya ba sai na ba da takardar jarrabawata na kuma sa hannu. In na sa, na zama 'yar aikin Yayana a takarda har iya rayuwata, duk shekara in jira ya samu sarari ya je ya sabunta, ga shi kamfaninsu yau su tura shi nan gobe can. In na ƙi, lasisi ya mutu, masu kaya su watse. Ina iya neman nawa lasisin da sunana da lambata, na cika duk sharuɗɗa, na ma karɓo fom na cike yana cikin jakata. Maigidana ya ce in shigar, in ya so mu kama wani shagon, zai tsaya mini. Umma kuma kullum haƙuri take ba ni, wai takarda ai takarda ce, wa ke cin takarda. Yaya shi har yanzu bai ma gane me ya ɓata mini rai ba, a ganinsa taimako yake yi.

Ni dai na san ba zan sa hannun nan ba. Amma duk lokacin da na tuna kujerar bakin ƙofa babu Baba a kanta sai in kasa fito da fom ɗin daga jakata. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba, ba na tsoron gaskiya.

Taki,
'Yar Mai Sikeli

*

Ƙanwata 'Yar Mai Sikeli,

Ban yi dariya ba, sha'awa kika ba ni. Kuma tunda kin ce ba kya tsoron gaskiya, zan ba ki ita gaba da baya.

Kada ki sa hannu. A wannan kina kan daidai, kuma ba don zafin zuciyarki ba, don abin da Yayanki ya kawo ba mafita ba ce ko a gare shi. Kyakkyawar ɗabi'ar gidanku ce ta ruɗe ku. Mota ana aro, tukunya ana aro, amma lambar haraji ba riga ba ce da za a ara a je unguwa a dawo da ita. Dalilin da ya sa hukuma take neman lambar nan daga masu lasisi shi ne ta san wane ne yake cin moriyar sana'a, don ta san wanda za ta tambaya. Ranar da sunan Yayanki da lambarsa suka hau lasisin nan, a idon hukuma shi ne mai shagon. Duk abin da shago ya samu a kansa za a rubuta, ƙari a kan albashinsa. Duk takardar da ba a shigar a kan lokaci ba, shi za a nema. In wani mai kaya ya kai ƙarar hatimi, shi za a kira ya yi bayanin aikin da bai gani ba. Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma dole ne: rai na hannun Allah. In ta Allah ta kasance a kansa, abin da ke da sunansa cikin kayan magadansa zai faɗa, ke kuma ki tsaya kina rantsuwa a gaban 'ya'yan ɗan'uwanki. Zumunci da yawa a irin wannan wurin ya lalace, kuma da niyyar alheri aka fara.

Saboda haka ki fara da Yaya, ba da Baba ba. Ki same shi shi kaɗai, ba a falon Umma ba. Ki fara da godiya, don mutumin da ya biya miki kwas ba maƙiyinki ba ne. Sannan ki shimfiɗa masa abin da na lissafa a sama, ki ce ya tambayi mai kula da lissafi a wurin aikinsu in yana shakka. Ki kuma faɗa masa a fili cewa abin ya yi miki zafi, don kin ce bai gane ba, kuma ban ga inda kika gaya masa ba. Ina kyautata zaton ajiyar zuciya zai yi. In Yaya da bakinsa ya ce wa Baba, "Na duba, ba zai yiwu da sunana ba, kuma ba daidai ba ne," rabin aikin ya ƙare. Abin da Baba ba zai ji daga bakinki ba a yanzu, zai ji daga nasa.

Yanzu ga taki. Maganar da Baba ya faɗa miki ba ta yi ba, ba zan shafa mata mai ba. Aure bai cire ki daga cikin 'ya'yansa ba, bai kuma goge shekarun da kika yi a teburin nan ba. Amma amsar da kika ba shi ita ma ta yi nauyi, kuma ki lura da lokacin da ta faɗo. Dattijon nan ya dawo daga inda aka saba miƙe masa a gaishe shi, wata yarinya sa'ar 'yar cikinsa ta mayar da shi da takardunsa a hannu. Bai gama haɗiye wannan ba, sai 'yarsa ta faɗa masa a gaban matarsa da ɗansa cewa shagon ba ya bukatarsa. Abin da kowa ya sani ne, e, amma shekara da shekaru kina rufa masa wannan asiri da hannunki, ranar kuma kika yaye. Filayar da yake tafiya da ita gida ba don yana zargin za ki sace ba ne. Ita kaɗai ta rage masa da ke nuna har yanzu ana jiransa kafin a sallami mai kaya.

Ki je ki ba shi haƙuri a kan lafazin, ba a kan haƙƙin ba. Ki rarrabe su da kyau a zuciyarki kafin ki shiga, don kada kuka ya sa ki sa hannun da kika ce ba za ki sa ba. Kuma ranar ban-haƙuri kada ki ɗauko maganar lasisi ko kaɗan, ki bar ta sai wani zama. Fom ɗin nan da ke jakarki ya ci gaba da zama a jaka tukuna. In Baba ya ji a bakin wani cewa kin riga kin cike shi, duk abin da za ki faɗa daga baya zai ɗauka yaudara ce, don haka gara ke ki gaya masa.

Batun tsoronsa kuma, kada ki raina shi. Tsofaffinmu sun ga abubuwa a hannun ma'aikata, ba banza suke ɗari-ɗari ba. Amma maganin jita-jita shi ne tambaya a inda ya dace. Ni ba zan ce miki ga abin da dokar garinku ta tanada game da shekarun baya ba, don wuri da wuri sun bambanta, kuma telanku ma bai sani ba. Ki je ofishin haraji da kanki, ki nemi teburin masu ƙananan sana'o'i, ki tambaya dalla-dalla: me ake nema daga dattijo irin Baba, me zai biyo bayan rajista, akwai rangwame ga ƙaramin shago ko babu. Ki roƙa a ba ki amsar a rubuce. In kuna da ƙungiyar masu sana'a, ku tambayi waɗanda suka riga suka yi. Ki kuma guji masu tsayuwa a bakin ofis suna cewa kawo in yi miki cikin sauri. Ba a miƙa wa baƙo takardun mahaifi.

Da wannan a hannunki, sai ki ajiye wa Baba hanya biyu, dukansu na gaskiya, ki bar shi ya zaɓa. Ta farko, ya yi tasa lambar, ke ki raka shi, ya sabunta lasisinsa kamar yadda ya saba, amma a shigar da ke a matsayin abokiyar tarayya, ba 'yar aiki ba, in tsarin ofishin ya ba da dama. Ta biyu, in har ya tsaya a kan ba zai taka wurin ba, to lasisi ya fito da sunanki, a cikin shagonsa, da alamarsa, kuma shi ya ci gaba da zama inda yake zama yana sallamar masu kaya. Ki tambayi hukumar awo yadda za a tsara buga hatimin don kada ku saɓa doka, amma ko me suka ce, akwai hanyar da za a bar wa dattijo matsayinsa. Kada ki ce masa kin zo karɓa. Ki ce masa, "Baba, kai ka koya mini, ina so kai ka miƙa mini, ba ofis ba." Kuma ki nemi Umma ta zauna a wurin. Ta ce takarda takarda ce don tana tsoron gidanta ya rabu, ba don ba ta san darajarki ba. In ta ga hanyar da ba wanda zai fita, za ki sha mamakin yadda za ta tsaya miki.

Shawarar maigidanki ta kama wani shago, ki gode masa, ki ajiye ta a matsayin ta ƙarshe. Raba shago yanzu zai raba masu kaya, ya bar Baba da tebur da idon da ba ya gani, kuma ke ce za ki fi kowa kwana da abin a rai.

To in kin yi duk wannan, Yaya ya janye, kin ba da haƙuri, kin kawo bayani, Baba kuma ya ce shi dai a'a? Ki shigar da takardunki kafin wa'adi ya cika, ki kuma gaya masa da bakinki kafin ki tafi. Biyayya ga iyaye ba ta ce ki zuba ido shagon da yake ci da ku duka ya mutu ba, ba ta kuma ce ki sa hannu a kan abin da kika san ba gaskiya ba ne. Zai yi fushi, wataƙila ya cika maganarsa ya daina zuwa na wani lokaci. Ki jure. Ki ci gaba da zuwa gaishe shi kullum ko da bango zai juya miki, ki ci gaba da kai musu abin da kika saba kaiwa ba ragi, in aiki mai wuya ya shigo ki ɗauka ki kai masa har gida ki nemi ra'ayinsa. Ba zan yi miki alkawarin ranar da zai sauko ba, don ban san zuciyarsa ba. Abin da na sani shi ne fushin uba a kan 'yar da ba ta daina zuwa ba ya fi saurin sanyi a kan ɓacin ran da za ki riƙe shekara da shekaru in kika sa hannun nan don a zauna lafiya. Wancan yana warkewa. Wannan kuwa a hankali zai cinye soyayyar da ke tsakaninki da Yayanki, har da Baban da kike gudun ɓata wa rai.

Ke 'yarsa ce, kuma ke ce magajiyar sana'arsa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba tukuna. Ki tafi da ladabi, amma ki tafi da sunanki. Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya bar ku tare da Yayanki, ya sa albarka a hannunki.

Taki,
Anti